Ranar da Na Ƙone Lu'ulu'un Ɗiyata

Da za a ce in zaɓi wuni ɗaya a rayuwata a goge shi, ba zan yi dogon tunani ba. Wunin da na hura wuta na ƙone aikin ɗiyata zan zaɓa. Ba wanda ya tilasta ni. Da hannuna na ɗauka, da hannuna na tura cikin gawayi, ina yi ina jin daɗi, a ganina alheri nake yi mata. Har yau in na tuna, haushi ne ke riga nadama zuwa. Ina jin haushin kaina, ina jin haushin wanda ya zuga ni, ina kuma jin haushin wata ɗabi'a da muka ɗora a ka tun kakanni, ba mu taɓa sauke ta mun duba abin da ke ciki ba.

Sana'ata zubin tukunyar dalma. A wajen ubana na koya, a wata rumfa cikin Birnin Kebbi, kuma a rumfar na tsufa. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba. Mai zubi abokin gabansa ɗaya ne: huji. Za ka narka dalma ka zuba, ka fasa ƙasar, tukunya ta fito fes, alhali a gindinta akwai 'yan ƙofofi kamar tsinin allura. Mace ta saya ta ɗora sanwa, ruwa ya riƙa ɗiga yana kashe mata wuta, washegari ta dawo ta tsaya bakin rumfarka ta tara maka jama'a. Ubana kan ɗaga tukunya ya saita ta da rana ya leƙa ciki. In haske ya ratso ko ɗis, sai ya jefo mini ita a ƙafa, ya ce in mayar a narka. Da wannan idon na tashi. Ƙarfe mai huji ƙarfen banza ne, ƙarfen da ya yi baƙi kuwa datti gare shi, maganinsa wuta da guga.

Yarinyar da nake magana 'yar farina ce. Wanda ya san mu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba na zama inda take zaune. Uwarta ma haka, ko da yake ita ta ɗan sassauta da girma ya zo. Da aka yaye ta, kakarta ta wajen uwa ta tafi da ita Gulma, can ta tashi tsakanin masu shinkafa da masunta, sai da ta isa makarantar gaba da firamare ta dawo gidana. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma yabona ake yi a kanta. Ana cewa wane akwai kara.

Amma ina sonta, kuma ina da hanyar nuna mata. In takalminta ya tsinke, sai in ɗauka ba ta gani ba, in gyara, in ajiye a bakin ƙofarta. Makullin akwatin makarantarta ya lalace, ta wayi gari ta ga sabo. Ba ta cewa komai, sai dai gaisuwarta ta safe ta ɗan fi ta kullum tsawo. Maganarmu ke nan ni da ita, shekara da shekaru: ni in gyara a ɓoye, ita ta gode a ɓoye.

Allah ya ba ta kai. Ta gama jami'a, ta koma karatun zurfi a kan ƙarafa, har ta samu tafiya wata ƙasar Turawa ta yi watanni, domin injin da aikinta ke bukata babu shi a makarantarsu. Da ta dawo, a ƙarshen damina, ta zo da wani ɗan akwati na roba da ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata ba. Da la'asar ta zauna a tsakar gida ta buɗe shi tana nuna wa uwarta. Ina zaune kusa, ina jin farkon bayanin. Da na ga raina yana so in matsa in leƙa, sai na miƙe na sa takalmi na fice, don kada a ce tsoho ya zauna yana washe baki gaban 'yar farinsa. Da na zauna har ta gama maganar nan, da ba a yi abin da aka yi ba.

Ga abin da na ƙi tsayawa in ji, wanda sai daga baya na sani. A cikin akwatin akwai 'yan faya-fayan ƙarfe, kowanne bai fi murfin gwangwanin madara ba. Da gangan aka yi su da huji, huji a kan huji kamar soso, yadda ruwa zai shiga ta nan ya fita ta can. A jikinsu kuwa lu'ulu'u ne, wanda 'yan boko ke ce wa daimon. Ni a sanina lu'ulu'u dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa a ƙasa. Ashe ana shuka shi. Sai a shafa wa ƙarfen garin lu'ulu'u kamar ana yafa iri, a rufe shi a wata tukunya da aka zuƙe iskar cikinta, a tura masa iskar gas 'yar'uwar ta girki haɗe da wata, a kunna wata siririyar wayar ƙarfe da ke ciki ta yi zafi har ta yi fari. Daga cikin gas ɗin abin ke sauka kaɗan-kaɗan, yana toho a jikin ƙarfen har ya zama fata siririya, mai duhu, marar ƙyalli.

Wahalar aikin ita ce a sa fatar nan ta shiga har cikin hujin. In aka yi gaggawa sai ta toshe bakin ramukan, cikin ya zauna tsirara. In kuma ƙarfen ya huce da sauri, sai ya tsuke ya bar fatar, ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Mafi yawan waɗanda ta gwada haka suka lalace. Na cikin akwatin su ne suka yi. Amfaninsu kuwa, in aka sa musu lantarki ruwa yana ratsa su, suna wargaza ragowar maganin feshi da ke gangarowa daga gonakin shinkafa zuwa tafki da rijiya, irin ruwan da ta sha tana ƙarama. Niyyarta ta gwada su a Gulma, da ruwan Gulma, malamanta su zo su gani da ido. A kan wannan gwajin kammala karatunta ya rataya, kuma ba ta da wasu faya-fayan ban da waɗannan.

Ta tafi Argungu, kusa da Gulma, ta shirya wurin gwajin, ta bar akwatin a ɗakin uwarta. Aka yi ruwa, ɗakin ya yi yoyo, uwar ta fito da kaya tana shanyawa, har da akwatin. Na tambaye ta mene ne, ta ce, “Ƙarafan karatunta na, Malam. Tac ce a kula mata da su.” Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Na buɗe, na zaro ɗaya, na ɗaga shi na saita da rana yadda ubana ke yi. Na hura masa iska, na ji ta fito ta baya a tafin hannuna. Nan take raina ya ɓaci. Na ce lallai an raina ɗiyata. Sun gan ta baƙuwa, mace, daga nesa, sun haɗa ta da zubin da ko almajirin zubi ba zai fitar ba, baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar waina, ta kwaso ta kawo za ta nuna wa malamanta ta sha kunya. Ga ubanta kuwa da ya tsufa yana gyaran ƙarfe. Na sa akwatin a hammata na nufi rumfa.

Maƙwabcin rumfata taubashina ne, mai walda, mutum mai baki kamar reza. Tun muna yara muke tsokanar juna. Ya ga na fito da su ya matso.

“Mi na wanga, sarkin zubi? Rariya ka koma yi?”

Na ce kayan karatun yarinyar nan ne, daga Turai.

Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya fashe da dariya. “Wanga na aikin Turai? Aradu ko kai da hannunka ka rawa ba ka zuba wanga abu. Sun cuce ta, ɗan'uwa. Su ko kunya babu.”

Na ɗauko magagari na goga. Magagarin ya zame kamar a kan gilashi. Na danna da ƙarfi na sake gogawa, na duba, haƙoransa sun dakushe, baƙin nan kuwa ko gezau. Jama'a, a nan ya kamata in tsaya. Ƙarfen da kansa ya gaya mini cewa ba irin wanda na sani ba ne. A duk rayuwata ban taɓa ganin kunkunniyar da ta ci magagari ba. Mai hankali zai mayar da kaya cikin akwati ya rufe, ya jira mai su. Har na fara mayarwa.

Taubashina ya ce, “A'a, ka ga tsoho ya ji tsoro. Kai da kac ce ba ƙarhen da ya gagare ka? Kunkunniya ta, ta kama ta bushe. Sa mata wuta ka gani. Ko in kira mai gyaran waya shi yi maka?”

Waya tana aljihuna. Lambar yarinyar tana ciki. Amma ni ban taɓa kiranta ba, sai dai uwarta ta kira ta faɗa mini abin da ta ce. In kira 'yar farina in ce mata ban gane ba, ta koya mini? Ga kuma wannan yana tsaye a kaina yana dariya. Na kwashe su duka na jera a kan gawayi, na hura wuta har suka yi ja. Da idona na ga baƙin yana janyewa, yana ɓacewa kamar hayaƙi. Na kama su da awartaki ɗaya-ɗaya na tsoma a ruwa, ragowar ya zube ƙasan bokiti kamar toka. Ban tsaya nan ba. Na kai su bakin injin guga na murje fuskokinsu har ramukan suka shafe, suka ɗauki haske. Taubashina ya tafa mini, ya ce yanzu ne suka zama kayan Turai. Na naɗe su a sabon ƙyalle, na mayar cikin akwati, na ajiye a bakin ƙofarta, kamar yadda na saba ajiye takalmi.

Washegari da hantsi ta dawo. Ina cikin ɗaki ina sauraro, ina jiran gaisuwar nan mai tsawo. Na ji ta buɗe akwatin. Gaisuwar ba ta zo ba, har na leƙo. Tana durƙushe a ƙasa da faifai ɗaya a hannu, tana juya shi.

Ta ce, “Inna, wa yat taɓa wanga?”

Uwarta ta ce, cikin murna, “Babanki na. Ya ga sun yi datti, ya kai rumfa ya gyara miki.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

“Baba, wuta ka sa musu?”

Na ce, “Wuta da guga. Kunkunniyar ta kama ƙwarai, har magagari ta ci mini.”

Ta ce, “Ba kunkunniya ba ce, Baba. Shi ne aikin. Baƙin nan shi ne lu'ulu'un. Shi da gawayi asalinsu ɗaya, in ya ji wuta da iska ci yake yi.”

Na ce, “To, hujin fa?”

Ta ce, “Hujin ma shi ne aikin.”

Ta tattara su ta rufe akwatin, ta shiga ɗaki. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Amma mu muka yi mata tarbiyya, ba za ta iya ba. Muka bar ta da abin a ciki, ita kaɗai.

Da kanta ta koma Argungu ta sallami waɗanda ta tara, ta bi manoman Gulma da suka ba ta wuri tana ba su haƙuri. Ta kira malamanta ta ce kada su taso. Na ji daga bakin uwarta cewa ba ta gaya wa kowa ni ne ba, cewa ta yi kayan sun lalace a gida. Ni na ɓata, ita ta rufa mini asiri, ta ɗauki sunan mai sakaci a gaban malamanta.

Abin da ya ƙara hura mini wuta shi ne yadda mutane suka ɗauki maganar. Taubashina bai ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya mai da abin labarin majalisa. In na iso sai ya ce, “Ku ba attajiri wuri, mutumen da ka dahuwa da daimon!” A yi ta dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, haka aka ce. Na yi fushi. Na daina zama da su. Wasu dattawa kuma suka zo ba ni baki, wai ƙaddara ce, wai ai niyyata mai kyau ce, wai ɗa ba ya riƙe ubansa. Wani har cewa ya yi laifinta ne, don me ba ta zo ta durƙusa ta yi mini bayani ba. Ta yi bayani! A gabana ta buɗe akwatin, ni na tashi na fita. Kuma da ta zo ta durƙusa, da na kawar da kai na ce ta gaya wa uwarta, don haka na yi mata duk rayuwarta. Mun gina katanga tsakaninmu da 'ya'yanmu mun sa mata suna kunya, sa'an nan in abu ya lalace mu ce ba su gaya mana ba.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Amma na zauna na duba tawa, na ga rabinta girman kai ne ya sa rigar kunya. Ban ƙi kiranta don kara kaɗai ba. Na ƙi ne don kada ya tabbata cewa akwai abin da ta sani a kan ƙarfe wanda ni ban sani ba. Ƙyallin tukunya na iya, sai na ɗauka duk ƙarfen duniya tukunya ne.

Ana gobe za ta koma makaranta, na same ta tana wanki a bakin rijiya. Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Uwarta ta gan mu ta koma ɗaki da sauri, kamar ta ga abin da bai kamata ba. Na kira sunanta. Ta saki rigar da ke hannunta cikin ruwa. Na ce ta yafe mini, kuma ta gaya mini abin da na ƙona, tun daga farko, in ji. Ta share hannu ta fara. Duk bayanin da na rubuta a sama, ranar na ji shi. Ta ba ni labarin yadda takan tsaya gaban injin nan tana leƙen wayar da ta yi fari, da yadda takan buɗe ta tarar fatar ta ɓare, ta sake daga farko, da ranar da ta duba a madubin ƙara girma ta ga lu'ulu'un ya shiga har cikin ramukan, ta rasa wanda za ta gaya wa da Hausa. Na tambaye ta ko akwai abin da zan iya yi. Ta ce babu, sai addu'a.

Ta nemi komawa can inda injin yake, ba ta samu ba. Wurin ya riga ya zama na wani. Malamanta suka sauya mata aiki zuwa wanda za a iya yi da kayan da ke makarantar, ta sake ɗaukar wasu shekaru kafin ta gama. Yanzu tana koyarwa, tana da gidanta da 'ya'yanta, kuma tana kirana a waya, ina amsawa, muna hira. Wannan na samu, amma na san abin da aka biya. Gwajin Gulma ba a yi shi ba har yau. Ko zai yi aiki, ko ba zai yi ba, ba wanda ya sani, domin na ƙone amsar. Duk lokacin da na bi hanyar Argungu na hangi masu feshi a fadama da ruwan da ke kwance gefensu, sai in kawar da kai.

Ku da za ku karanta wannan, musamman masu furfura irina, roƙona ɗaya ne. In ɗanku ya shigo gida da abin da idonku ya ce muku ya lalace, kada ku ɗauka a ɓoye da sunan gyara. Ku kira shi, ko da shi ne na farin, ku zauna ku tambaya, ku bari ya gama magana kafin ku tashi. In kuma magagari ya zame a hannunku, ku ajiye.